A Biya Ko A Bari? Hirarmu Kan Liyafar "Wa Ya Yi Kisa" A Jirgin Ruwa

To Hajiya, tunda ke kika ɗauko zancen, kuma yau babu baƙo a cikinmu, bari in zazzage muku abin da ke cikina. Anti, matso kusa, don na san ke ma naki Alhajin ya daɗe yana yi miki alkawarin irin wannan tafiya. Waɗanda suka shigo yanzu, ga abin da ake ciki. Hajiya da mai gidanta da 'yarsu za su shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu yin mako guda a teku suna yada zango gari-gari. Cikin abubuwan da kamfanin ya tallata musu akwai wani dare na musamman, a ci abinci ana wasan gano wanda ya yi kisa, amma sai an ƙara kuɗi a kan na tikiti. Shi ne take tambaya ko abin ya ci kuɗinsa.

Ni dai na taɓa zama a irin wannan tebur, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai ba kowa zan ce wa ya biya ba. A cikinmu nan ma akwai wadda zan riƙe wa hannu in ce ta bar shi.

Ku fara jin yadda daren yake tafiya. Za a kai ku wani ƙaramin ɗakin cin abinci, daban da babban zauren da kowa ke ci. An rage fitilu, an jera tebura, kuma sau da yawa za a haɗa ku zama da mutanen da ba ku taɓa gani ba. A gaban kowa an ajiye ƙaramin kati da fensir. Tun kafin a kawo romo, 'yan wasa sun fara kewaya tsakanin tebura cikin shigar Turawan da: ga attajiri da sandarsa, ga amaryarsa wadda a haife ya haife ta, ga lauyan da ya rubuta wasiyya, ga likita, ga ɗan'uwan da bashi ya yi wa katutu yana jiran gado. Suna gaisawa da ku, suna jifan juna da habaici, kowa na sakin rabin magana ya haɗiye rabi. Can sai wuta ta ɗauke, a ji ƙara, wuta ta dawo, ga attajiri kwance a ƙasa. Jami'in bincike ya fito ya ce kada wanda ya motsa daga ɗakin. Daga nan duk lokacin da aka kwashe kwanuka kafin a kawo na gaba, waɗanda ake zargi za su riƙa zuwa tebur-tebur kuna yi musu tambayoyi. Idan an kawo kayan zaƙi, kowa ya rubuta a katinsa sunan wanda yake zargi da dalilinsa. Duka-duka awa biyu ne zuwa uku.

A wasu wuraren kuma fasinjojin ne da kansu ake raba wa matsayi. Za a miƙa miki ambulan, ki buɗe ki ga ke ce 'yar aikin gidan, an rubuta miki sirrin da za ki ɓoye da wanda za ki tona idan an matsa miki. Wannan ya fi armashi, amma ya fi nauyi ga mai kunya. Hajiya, ki tambaya wanne ne naku tun kafin ki biya, don tsakaninsu akwai nisa.

A teburinmu akwai wata dattijuwa Baturiya, farar furfura tas, da gilashinta rataye da zare a wuya. Tun da aka fara ba ta taɓa burodinta ba. Ta juya takardar jerin abinci ta riƙa rubutu a bayanta, ta ja layi ta raba shafin gida biyu, nan abin da mutum ya faɗa da farko, can abin da ya faɗa da aka sake tambayarsa. Da likitan ya zo teburinmu, a hankali ta ɗaga kai ta ce masa ɗazu ya ce bai shiga ɗakin karatu ba, to ta yaya ya san tagar a buɗe take? Wallahi sai da ɗan wasan ya yi jim, tebur ya kaure da shewa. Daga wannan lokaci muka zama kamar 'yan gida ɗaya, wannan na raɗa wa wancan, ana nuna juna da fensir. Sauran kwanakin tafiyar duk inda muka haɗu da ita a jirgin sai mun tsaya mun gaisa. Amma a gefenmu akwai wasu mata da miji da ba su ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Sun ci abincinsu, sun yi murmushin ladabi, mijin yana ta duba agogo. Kuɗi ɗaya muka biya da su, abin da muka kwasa daban.

Anti na tambaya me ya haɗa cin abinci da kisa tun farko. Mutanen Ingila ne suka daɗe da son irin wannan labari, wanda ake tara mutane a wuri ɗaya rufaffe, a kashe ɗaya, kowa ya zama abin zargi. Uwar tafiyar ita ce marubuciyar nan Agatha Christie da jami'in bincikenta Hercule Poirot, ɗan ƙasar Beljiyam mai murɗaɗɗen gashin baki. A 1934 ta fitar da labarin kisa a cikin jirgin ƙasa, Murder on the Orient Express, a 1937 kuma ta fitar da Death on the Nile, wanda ya faru a jirgin ruwa a kan Kogin Nilu. Wasanta na dandali, The Mousetrap, tun 1952 ake nuna shi a Landan, annobar korona ce kawai ta taɓa dakatar da shi. A 1949 aka fara sayar da Cluedo, wasan allo na gano mai kisa wanda wani mutumin Birmingham, Anthony Pratt, ya ƙirƙira. A 1981 wata mata mai aikin otal, Joy Swift, ta fara shirya wa baƙi hutun ƙarshen mako sukutum a kan labarin kisa ɗaya, a garin Southport kusa da Liverpool, abin ya karɓu ya bazu. Jirgin ruwa kuwa kamar don wannan aka ƙera shi: ruwa ta ko'ina, ba hanyar gudu, duk wanda ya aikata yana nan tare da ku. Shi ya sa labarin yake shiga jiki a can fiye da a kowane otal.

Yanzu mu zo kan kuɗi, ku saurara da kyau, don nan ne ake yi wa mutane wayo cikin fara'a. Tikitin irin waɗannan jirage ya riga ya haɗa da abinci. Akwai babban zauren cin abinci inda za a kawo miki kwano bayan kwano, ki ƙara idan kina so, ba wanda zai ce ki ba da sisi. Akwai wurin ɗebi-da-kanka, buɗe tun safe har dare. Saboda haka duk daren da kika je wani ɗaki na musamman, kin bar abincin da kika riga kika biya kin sayi wani. Kamar a tasha ne, kin biya kuɗin mota har Kano, sai direba ya ce gidan gaba sai kin ƙara. Kano ɗin dai ita za ki ko a ina kika zauna, abin da za ki auna shi ne ko daɗin zaman ya kai ƙarin.

Ƙarin kuma ba ɗan kaɗan ba ne, gomomin daloli ne a kan kowane mutum, ya danganta da kamfani da jirgi da lokaci. Mu ƙaddara dala 60 ne, misali kawai nake bayarwa. Ku uku ne, ya zama 180. Manyan kamfanonin Amurka sukan ɗora tukuicin ma'aikata na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan abinci na musamman da abin sha, idan ba a riga an cusa shi cikin farashin ba. Da kashi 18 lissafi ya haura dala 212. Hajiya, ki buga wannan da canjin yau ki ji yadda gabanki zai faɗi. Kuma wannan bai shafi tukuicin kullum ba, wanda ake rubutawa a kan kowane fasinja kowace rana, wajen dala 16 zuwa 20. Ku uku a mako guda, ku yi lissafi da kanku.

Abin da ya fi damuna shi ne a cikin jirgi ba a riƙe kuɗi a hannu. Kati ɗaya za a ba ki ranar shiga, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarki a ƙofar fita, shi ne aljihunki. Ki miƙa, a goga, a ce an gode. Ba ki ji zafin komai ba sai daren ƙarshe, lokacin da takardar lissafi ta iso. Na ga mutane tsaye a layi a wurin karɓar ƙorafi da wannan takarda, fuska ba annuri, suna bin layukan da yatsa. Don Allah ku yanke abin da za ku kashe a kan ƙarin abubuwa tun kuna gida, ku rubuta, ku tsaya a kai.

Sannan ku tuna abin da ake bayarwa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ku ɗauki Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miami a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. A irin waɗannan manyan jirage akwai dandalin wasan kwaikwayo, akwai masu rawa a kan ƙanƙara, akwai masu tsalle daga can sama su faɗa ruwa, duk a cikin kuɗin tikiti. Wadda wannan ce tafiyarta ta farko, mako guda ba zai ishe ta gama kallon na kyauta ba. Waɗanda suka fi rububin liyafar bincike galibi su ne waɗanda suka sha shiga jirgi, sun ƙoshi da sauran, suna neman sabon abu.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye, wadda takardar talla ba za ta ja hankalinki a kai ba. Sau da yawa farashin irin wannan dare ya haɗa da giya, kowane kwano da irin wadda ake zuba masa. Ke za ki ce a ba ki lemo, za a ba ki da fara'a, amma da wuya a rage miki ko dala ɗaya. Kin biya kuɗin abin da ba za ki sha ba, kuma za ki zauna tebur ɗaya da masu sha, wanda ni kaina sai da na yi ta juya shi a raina, kowa kuma ya san abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Kyautar wanda ya canka daidai ma wani lokaci kwalba ce. Abincin kuma tsararre ne, ba zaɓi da yawa kamar a babban zaure. Naman ba lalle yankan Musulmi ba ne, miyar da ake kwarara wa nama takan zo da giya a ciki, kayan zaƙi irin su tiramisu ma haka. Kifi ko ganye su ne mafita, amma sai an sanar da kamfani makonni kafin tafiya, a kuma sake tuna wa shugaban masu kawo abinci ranar da aka shiga jirgi. Ga lokacin salla: wasan yakan faɗo tsakanin Magariba da Isha, kuma ba a dakatar da shi don wani ya fita. Idan kika tashi minti goma, wataƙila a nan ne aka saki hujjar da komai ya rataya a kanta. Ki duba faɗuwar rana a inda jirgin zai kasance a daren, ki yi sallarki kafin ki sauko.

Sai harshe. Wannan wasa kacokan a kan magana aka gina shi. Turanci ne mai gudu, da barkwanci, da kalmar da ke da fuska biyu, ga ƙarar cokula, ga dariyar tebur na kusa. Wadda ke jin Turancin asibiti da na banki lafiya lau tana iya ɓacewa a nan cikin minti biyar. Ba abin kunya ba ne, amma asarar kuɗi ce. Anti, ke da kika ce fim ɗin Turawa sai da rubutu a ƙasa kike bin sa, gara ki kai kuɗinki yawon gari ranar da jirgi ya tsaya, ki ga kasuwa, ki ga masallatai da tsofaffin gine-gine, ki dawo da abin ba jikoki labari.

Yaya, na ga tun ɗazu kin yi shiru, kuma na san dalili. Ke ce na ce zan riƙe wa hannu. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan wasa, kisa a wurinsu abin littafi ne, gawar ma takan tashi a ƙarshe ta rusuna ana tafi. Mu kuwa mun fito daga inda kalmar take da nauyi. Da wuya a sami gida a cikinmu da bai yi zaman makoki ba saboda abin da ya faru a hanya, ko a gona, ko a ƙauye cikin dare. Lokacin da wuta ta ɗauke a ɗakin nan aka yi ƙarar, mutane suka fashe da dariya, ni sai da gabana ya yanke ya faɗi kafin na tuna inda nake. Na ware daga baya, don babu jini, babu tashin hankali, abin ya fi kama da kacici-kacici. Amma wadda rauninta bai warke ba, kada ta biya kuɗi ta je a fama mata shi tana tsakiyar baƙi, ba inda za ta ɓuya ta share hawaye. Yaya, in Allah ya kai ki jirgi, ki hau can sama bayan Isha ki sha iska, ya fi miki alheri. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Amin. To, mu ɗan saki rai.

Wadda labarin binciken ne ke jan ta, akwai hanyar da ta fi kusa da mu, ita ce Masar. Jiragen Nilu suna tafiya tsakanin Luxor da Aswan, kwana uku ko huɗu, suna tsayawa a Edfu da Kom Ombo, su ratsa mashigar ruwa ta Esna inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi. Kogi ne, babu tangaɗin teku, kina jin kiran salla daga ƙauyukan bakin ruwa, nama kuma ba sai kin yi ta tambaya ba. Tsohon jirgin tururin nan mai suna Sudan, na zamanin kamfanin Thomas Cook, wanda Agatha Christie ta shiga da mijinta Max Mallowan a 1933, har yanzu yana aiki, har da ɗaki mai sunanta a ciki, sai dai kuɗinsa na masu hannu da shuni ne. A Aswan kuma ga otal ɗin Old Cataract inda ta sauka. Ki riƙo littafin Death on the Nile, ko ku kalli fim ɗinsa na 1978 ko na 2022 kafin ku tashi, ki zauna a saman jirgi da shayinki kina ganin wuraren da idonki. Waɗanda kuma maganar giya ce ke hana su sha'awar teku gaba ɗaya, Saudiyya ta fara nata jirgin, Aroya, daga Jidda a watan Disamban 2024, babu giya babu caca a cikinsa.

Ke kuwa Hajiya, taki daban ce, shi ya sa na bar ki ƙarshe. 'Yarki ta tashi da karatun irin waɗannan littattafai, Turanci a bakinta kamar ruwa, Alhaji kuma mutum ne mai son musu, ba ya barin magana ta wuce shi. Ku uku kun isa ku ɗaga tebur. Ni a ganina ku je, sau ɗaya, amma da sharaɗi. Ki sa yarinyar ta rubuta wa kamfanin ta tambayi abu huɗu: ko farashin ya haɗa da tukuici, ko akwai rangwame ga wanda ba ya shan giya, me za a ba wanda ba ya cin naman, da kuma ko akwai ƙa'idar shekaru, don wasu ba sa karɓar yara. Idan amsar ta kwanta miki, ki kama wuri tun kuna gida ta manhajar kamfanin, saboda kujerun kaɗan ne, ba kowane dare ake yi ba, kuma farashin kafin tafiya yakan fi na cikin jirgi sauƙi. Ki karanta sharaɗin fasawa, ki san zuwa yaushe za a iya mayar miki da kuɗinki.

In an ba ku zaɓin rana, ki ɗauki ranar da jirgi zai wuni a teku bai tsaya ko'ina ba. Ranar da kuka sauka gari kuka sha rana da tafiya, da ƙyar za ki iya buɗe ido, balle ki riƙe wa ya ce me. Kada kuma ya zama daren farko, ki bari jikinki ya saba da motsin ruwa tukuna. Mai saurin jiri ta tambayi inda ɗakin yake, don can sama da goshin jirgi sun fi tangaɗi, tsakiya da ƙasa sun fi natsuwa. Ku je da wuri ku roƙi teburin da ke tsakiyar ɗaki, inda za ku ji kowace kalma, kuma ki ja wa Alhaji kunne tun a ɗaki cewa ya bar yarinyar ta yi wa lauyan tambaya kafin shi ya fara nasa musun.